Layar Inna da Hoton Cikina

Shekarar da ruwa ya tafi da kwalbatin da ke kan hanyarmu ta zuwa Kebbe, har masu babur suka koma sauke mutum a bakin rafi ya tsallaka da ƙafa, a damanar nan ce idona ya yi rawaya. Ni ban gani ba. Matata ce ta kawo mini buta da safe, ta tsaya tana dubana, ta ce in juya wajen haske. Na juya. Ta ce, "Maigida, wagga shawara ta."

Ƙauyenmu yana kusa da Fakku. Manomi ne ni, gero da dawa da ɗan wake, kuma a lokacin na ba hamsin baya. Shekarata biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a makarantar firamare bayan la'asar. Ina iya karanta Hausa idan aka bar ni na bi layi da yatsa, ina kuma iya rubuta sunana ba tare da na dubi allo ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce rashin sani ya sa na yi abin da na yi.

Shawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kowa ya san maganinta. Aka hana ni mai da nama. Aka jiƙa mini saiwar rawaya, na sha safe da yamma har mako uku. Ni mutum ne mai jira, idan aka ce magani sai ya kwana biyu, ni zan ba shi goma. Amma fitsarina ya koma kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayi ko'ina, har na riƙa goga bayana a jikin rumbu kamar akuya. Wani ciwo kuma yakan taso ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ya danne ni kamar an sa gwiwa, sai can ya saki. Da ƙyar na gama noman fari. Maimai yana jirana.

Ƙanena malamin firamare ne a Tambuwal. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na ba shi shekara goma. Shi ya rubuta sunana a ajin nan, shi ya saya mini littafi da fensir. Mutum ne da ba ya shiri da laya ko guru. Ya taɓa tsinke wadda aka rataya wa jaririnsa a gaban jama'a, ni kuma a ranar na goyi bayansa, har na ce ni ma na daɗe da barin irin waɗannan abubuwa. Gaskiya na faɗa a lokacin.

Ran wata Juma'a ya zo gida, ya iske ni zaune a zaure ina sosa.

"Yaya, mako nawa kaka cikin wanga hali?"

"Ya yi sauƙi, Malam."

"Sauƙi? Idonka kamar gwaiduwar ƙwai. Ko kaza ta gan ka sai ta kwanta bisa kai. Tashi mu tafi."

A asibitin Tambuwal aka ɗebi jinina, aka kuma yi mini sikanin, wanda ake shafa wa mutum wani abu mai sanyi a ciki ana bi da wani ɗan inji. Likitan ya daɗe yana dannawa ta dama. Da ya gama sai ya juya katina, ya zana layi biyu a baya. Ɗaya ya gangaro daga sama, ɗaya ya taho daga gefe, suka haɗu suka zama guda. Ya ce na saman shi ne hanyar ruwan ɗaci, mai fitowa daga hanta da matsarmama. Na gefen kuma daga wata tsoka yake fitowa mai kwance a bayan tumbi, ya faɗi sunanta da Turanci ban riƙe ba, ita ma tana da nata ruwan da ke narka abinci. Hanyoyin nan biyu suna haɗuwa dab da za su zuba cikin hanji, ta wata 'yar ƙofa ƙarama ƙwarai. Wani abu ya toshe wurin, ruwan ɗaci ya rasa hanya ya koma cikin jini, shi ne ya fito a idona.

Na gane maganarsa, don na san yadda yake idan korama biyu suka haɗu, kara da yayi suka taru a bakin. Na tambaye shi me ya toshe. Ya ce abin da bai sani ba ke nan. Injinsa ya ga hanyar ta kumbura daga sama, amma can ƙasa iskar hanji ta tare masa gani. Ko tsakuwa ce, ko tsiro ne. Idan tsakuwa ce aikin daban, idan tsiro ne aikin daban, kuma ba wanda zai sa mini wuƙa bai san wanne ba ne. Akwai wani babban inji a birni wanda ke fito da hanyoyin nan biyu sarai, har wurin da suka haɗu. Ƙanena ya yi ta buga waya har ya samo mana rana, saura kwana shida. Aka ce ranar kada in ci komai, kuma kada in je da ƙarfe ko kaɗan a jikina. Na koma gida don in bar wa matata sallahun gona.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Idan tana nemana sai ta ce wa wani, "Kira mani wancan." Idan na je gaishe ta, tana amsawa ne tana kallon bango, ko tana tsintar wake. Ƙanena kuwa tana kiran sunansa, tana zaginsa, tana jan kunnensa har ya yi gemu. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka na buɗe ido na gani, kuma haka ake yi wa kowane ɗan fari a layinmu. Amma duk tsawon rayuwata ba zan iya tuna ranar da hannunta ya taɓa jikina ba.

Ranar da zan tafi, da hantsi, mai babur yana jirana a ƙofar gida, sai matata ta ce Inna na kira. Na shiga ɗakinta na durƙusa. Ta haura saba'in, idonta ya fara rauni. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Tuɓe riga."

Na tuɓe. Ta ciro wata laya daga ƙarƙashin tabarma, shimfiɗaɗɗiya, faɗin yatsa uku, an ɗinke ta da sabuwar jar fata, an zura ta a wani siririn ƙyallen saƙi. Ta matso. Ta lalubi haƙarƙarina da yatsunta har ta kai wurin da ke ciwo, kamar wani ya nuna mata. Hannunta da sanyi, da kaushi. Ta zagayo da ƙyallen ta bayana, ta ƙulle sau uku. Ni mai jikoki, na tsaya kamar yaron da ake sa wa riga ran Sallah, ina riƙe numfashi kada ta fasa.

Ta ce wa bango, "Ba a kwance ta sai ido ya yi fari. Ba a gwada ta. Ba a faɗi."

Na ce, "Inna, likita ya ce kada in tafi da..."

"Likita yah haife ka?"

Ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ba ta taɓa faɗin haka a gabana ba. Ta juya da sauri ta kama gyaran wasu ƙore da ba su bukaci gyara ba. Ina bakin ƙofa na ji ta ce, a hankali, "Allah shi maido ka."

Ban tambayi abin da ke cikin layar ba. Amma a kan babur na danna ta ta saman riga, na ji wasu abubuwa sirara masu tauri a jere. Na san ba takarda kaɗai ba ce.

A gidan ƙanena na kwana. Da asuba, kafin mu fita tasha, ya shimfiɗa hankici ya ce in zuba duk abin da ke jikina. Na zuba zobe, da makullin rumbu, da 'yar askar yankan farce.

"Yaya, babu sauran komi?"

"Babu."

Wannan ce ƙaryata ta farko, kuma ta fito da sauƙi, ban ma ji nauyinta ba.

Wurin ɗaukar hoton yana da sanyi kamar cikin randa. Mutane na zaune a benci, kowa da takardarsa. A ƙasa, jikin bango, wata tsohuwa na kwance a kan tabarma, ɗiyarta na yi mata fifita duk da sanyin. Na ji ɗiyar tana gaya wa wata cewa tun jiya suka baro garinsu, mota biyu suka hau. Su ne a bayana a layi.

Wadda ke kula da injin yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ɗiyata ta biyu ba, da farar riga da hijabi. Ta kawo mini fom, gefe ɗaya Turanci, gefe ɗaya Hausa. Ta ce, "Baba, in karanta maka?"

Ƙanena ya ce, "Bar shi, ya iya. Ɗalibi na. Shekara biyu yana bisa benci da farin gemunai."

Ta yi dariya, ta miƙo mini biro. Na sa yatsa na fara bi. An taɓa yi maka aiki? An taɓa sa maka ƙarfe a ƙashi? An taɓa harbinka? Ina karantawa ina sa alama a inda aka rubuta a'a, ƙanena na gyaɗa kai. Sai na iso wani layi da ke tambaya ko akwai laya, ko guru, ko kambu, ko wani abu mai ƙarfe a jikina. Na karanta shi sau biyu. Babu kalma ɗaya da ta shige mini duhu. Na ji ƙullin Inna a bayana, na ji numfashin ƙanena a kafaɗata. Na sa alama a a'a.

Yarinyar ta kawo tawadar dangwale. Ƙanena ya ture ta gefe, ya ce, "Wanga ya wuce nan." Na rubuta sunana a ƙasan takardar, harafi bayan harafi, ya fito da kyau. Ban taɓa sa hannu da biro a takardar hukuma ba sai ranar. Ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton rubutun, ya ce zai nuna wa malamin ajinmu.

Aka ba ni wata doguwar riga mai faɗi, na sauya ni kaɗai a bayan labule. Layar ta kwanta lif a jikina, ba ta nuna ba.

Injin kamar farin rumbu ne aka kwantar, da rami a tsakiya. A bakin ƙofa yarinyar ta tsaya ta ce mini abin da ke cikinsa mayen ƙarfe ne babba, ba ya barci, ko allura ya gani sai ya jawo ta. Na ce to. Na kwanta a wani siririn gado, ta ɗora mini wani faifai mai laushi a ciki ta ɗaure, ta toshe mini kunne. Gadon ya fara shiga ramin.

Kafin kaina ya gama shiga na ji layar ta motsa. Kamar wani ƙwaro ya farka a ƙarƙashin rigata. Ta ɗaga gefe ɗaya, tana jan ƙyallen, tana son juyawa. Da ba don Inna ta ƙulle da ƙarfi ba, da faifan da ya danne, ban san inda za ta nufa ba. An ba ni wata 'yar roba a hannu, an ce in matsa idan na ji wani abu. Ban matsa ba. Injin ya kama ƙara kamar injin niƙa ya haɗu da maƙera. Muryar yarinyar ta ce in ja numfashi in riƙe. Na riƙe. Wurin layar ya fara ɗumi, sannan zafi.

Ƙarar ta tsaya. Ta shigo ta jawo gadon.

"Baba, hoton bai fito ba. Sama ya fito, ƙasa ya fito, amma daidai wurin da muke nema baƙi ne ƙirin, kamar an zuba tawada. Ba ka manta da wani abu ba? Ko tsinken ƙarfe a wando?"

Na ce ban manta da komai ba. Ta sauya zanen gadon, ta duba faifan, ta sake mayar da ni. Na sake jin layar ta farka. Na sake riƙe numfashi. Ƙarar ta sake tsayawa.

A wannan karon ta fito da ni daga ɗakin, ta zaunar da ni a kujera, ta rage murya yadda ƙanena da ke can bakin ƙofa ba zai ji ba.

"Baba, kai sa'an mahaifina ne, ba zan ɗaga maka riga ba. Amma idan akwai wani abu na gida, ba komai ba ne, kullum muna gani. Jiya ma wani alhaji guru biyu ya kwance. Ka cire, ɗan'uwanka ya riƙe maka, in mun gama ka mayar da abinka. Minti ashirin ne."

Ta buɗe mini ƙofa ke nan, faɗinta ya isa raƙumi ya wuce. Na sha tunanin wannan zama. Da na ce mata ita ta riƙe, da ta riƙe. Amma a lokacin abu biyu kawai nake gani, hannun Inna a kan haƙarƙarina, da fuskar ƙanena sa'ad da yake ture tawada. In na kwance na saɓa wa ɗaya, in na nuna na kunyata a gaban ɗayan. Sai na zaɓi abin da ya fi duka biyun muni.

Na ce, "Wallahi babu komi jikina."

Ta dube ni kaɗan. Ta ce, "To, Baba. Tunda ka rantse."

Ta yarda. Ta je ta kira likita, ta gaya masa a gaban ƙanena cewa dattijon ya rantse babu komai a waje. Likitan ya ce to ƙarfen yana ciki ke nan, ko wani tsohon harsashi ne ko wani abu da na haɗiya ban sani ba, kuma haɗari ne a sake sa ni a injin. Ya ce a je a yi mini hoton ƙashi a ga ko mene ne. Da muka fito na dubi agogon bango. Na cinye fiye da awa ɗaya da rabi. Tsohuwar nan tana nan kwance.

Ɗakin hoton ƙashi a wani gini yake, da nasa layin. Muka jira har bayan azahar. A tsakani na shiga bayi, na rufe ƙofa, na kai hannu baya na kama ƙullin. Na daɗe a tsaye. Da na kwance ta a nan na sa a aljihu, da hoton ya fito fes, a ce injin ne ya yi kuskure. Wannan ma na yi tunaninsa. Amma na ce a raina wannan hoton ma baƙi zai nuna, su gaji su sallame ni, in koma gida da ƙullin Inna yadda ta yi shi. Na saki, na fito.

Mai hoton ƙashi wani ƙato ne mai yawan raha, yana tauna goro. Ya tsayar da ni, ya ce kada in motsa, ya ɗauka. Hoton ya fito a allon da ke gabansa, ƙanena na tsaye a bayansa. Na ga ƙanena ya dafe baki.

Na leƙa. Ga haƙarƙarina fari-fari. A ƙarƙashinsu, ta dama, allura biyar a jere, kowace da kafarta, da wani guntun ƙarfe kamar ƙusa a gicciye.

Ƙanena ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Cikin cikinai?" Ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu. Mutumin da ya sha yi wa masu maganar jifa dariya, ga shi idonsa ya kawo ruwa. "Yaya, wa yai maka wanga? Wa ka ɓata wa?"

Na bar shi yana kuka.

Mai hoton ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Malam, share hawayenka. Allurar da ke cikin ciki ba ta yin sahu kamar masu sallah. Baba, tela kake, ko da shagon ka taho?" Ya nuna ni da biro. "Ni ba yarinya ba ne. Ɗaga rigar."

Na ɗaga.

Ƙanena ya saki hannuna. Ya dubi layar, ya zagaya ya dubi ƙullin. Na ce, "Malam, Inna ta..." Ya ce, "Na san ƙullinta." Ya roƙi reza a wurin mai hoton, ya yanke ƙyallen, ya sa layar a aljihu. Inda ta kwanta fatata ta yi ja, ta tashi ƙananan bororo a jere.

Muka koma wurin yarinyar. Na so ƙanena ya yi bayani, ya ƙi, ya tsaya a baya ya harɗe hannu. Ni na faɗa da bakina. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Baba, da ka faɗa mini." Ta buɗe littafinta. Lokacin aikin ranar ya ƙare, kuma kowace rana a cike take. Ranar da ta samo mini saura kwana goma sha tara. Muna fita na ga ɗiyar tsohuwar nan tana naɗe tabarma. Layi bai kai kansu ba. Su ma an ba su wata rana.

Muka shiga motar komawa. A Dogon Daji direba ya tsaya, ƙanena ya sauka ya sayo burodi da shayi a leda, don tun jiya ban ci komai ba, ya ajiye mini a cinya. Sai da muka hango Tambuwal ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaya, da ka ce mani akwai, da ni riƙe maka ita da hannuna, in maida maka. Rantsuwar ta ab ba ni iya ɗauka."

Ya hana ni komawa ƙauye, na zauna gidansa ina jiran rana. Matarsa na dafa mini abinci marar mai, shi kuma yana gaishe ni safe da yamma, gaisuwa cikakkiya, ba ƙari. A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, sanyi ya kama ni. Na yi ta karkarwa har gadon na ƙara, bargo uku bai yi komai ba. Daga nan abin da na sani kaɗan ne. An ce na kwana huɗu ban san wanda ke kaina ba. Likitan Tambuwal ya ce ruwan ɗacin da ya daɗe a tare ne ya ruɓe, cuta ta shiga jini. Suka yi ta ƙarin ruwa da allurai har zazzaɓin ya sauka, ranar hoto ta zo, aka kai ni a kwance.

Yarinyar nan ce dai. Ta gaishe ni kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Amma da aka zo sauya riga sai ta kira wani ma'aikaci namiji ya shiga bayan labule tare da ni. Ban ga laifinta ba.

Minti ashirin, kamar yadda ta faɗa. Likita ya nuna mana hoton. Ban taɓa zaton cikina yana da kyau haka ba. Hanyoyin sun fito farare kamar rassan itace, ƙanana suna zuba cikin manya, babbar ta gangaro a kumbure, ta gefen ta taho siririya. Daidai inda za su haɗu ga wani ɗigo baƙi, bai fi ƙwayar gujiya ba. Tsakuwa ce, ba tsiro ba. Aka yi mini aiki, aka cire ta, aka cire matsarmamar da sauran tsakuwoyin da ke cikinta. Likitan bai ce laifina ne ba. Ya ce dai da hoton farko ya samu, da wataƙila ba a kai ga zazzaɓin ba, kuma da jikina bai yi raunin da ya sa na daɗe a kwance ba.

Sai da na koma gida na ji abin da ya faru a bayana. A kwanakin da ban san inda kaina yake ba, ƙanena ya hau babur ya tafi ƙauye. Ya ajiye layar a gaban Inna, ya ce ga abin da ya kusa kashe ɗanta. Ita kuma ta ce lafiya lau na bar gida da ƙafata, shi ya sa reza ya yanke abin da aka ce ba a kwancewa, ga shi nan zazzaɓi ya biyo. Matata ta ce an ji muryoyinsu har maƙwabta. Ya faɗi maganar da ba a faɗa wa uwa, ita ma ta faɗi wadda ba a faɗa wa ɗa.

Kowannensu ya ɗora wa ɗayan, kuma kowanne yana jiran in buɗe baki in ce shi ke da gaskiya. Inna ta ɗaura abin da ta yi imani zai taimake ni. Ƙanena ya yanke abin da ya ga yana cutar da ni. A cikin mu ukun mutum ɗaya ne ya karanta tambaya ya gane ta, aka ba shi hanya ya ƙi bi, ya kira sunan Allah a kan ƙarya. Na nemi gafarar ƙanena, ya ce ya wuce. Inna kuwa ban iya gaya mata ba. Na je sau uku da niyyar faɗa, na durƙusa, na gaishe ta, ta amsa wa bango, na tashi. Ban san yadda ɗan fari ke fara irin wannan magana ba.

Na tambayi limaminmu ko azumi nawa zan yi. Ya ce rantsuwar da mutum ya yi yana sane ƙarya ce, azumi ba ya rufe ta, sai tuba, da neman yafewar wanda aka cuta. Na tuba. Amma tsohuwar nan ban san sunanta ba, ban san garinsu ba.

Ga abin da ya tafi. Kwana goma sha tara na jira, da kwana ashirin da shida a gado bayan aiki. Maimai da ba a yi a kan lokaci ba, gonar da ke ba ni dami sittin ta ba ni ashirin da biyu. Zango guda na aji, 'yan ajinmu suka shiga littafi na uku ba ni. Matsarmama, amma ita ko yaya aka yi za ta tafi. Rana ɗaya ta tsohuwar nan, da motoci biyu zuwa da biyu komawa, ban kuma san ko ta kai ranar da aka ba ta ba. Sallah biyu ke nan ƙanena yana zuwa gida, ya tsaya a zaure, ba ya shiga ɗakin Inna.